BABI NA HUƊU: SAUYIN YANAYI DA TSARON ƘASASHE: DARASI DAGA ƘASAR MINJIBIR

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan tarihin ƙasar Minjibir da sana'o'in mutanenta. A wannan babi kuwa za a duba yadda sauyin yanayi ya shafi zaman lafiyar yankin, da kuma yadda al'amarin ya danganci hulɗar da ke tsakanin ƙasashe. Mai yiwuwa a yi mamakin haɗa ƙaramar hukuma guda da batun tsaron duniya, ganin cewa Minjibir ba ta kan iyaka, kuma ba ta cikin wuraren da ake gwabza faɗa. Dalili shi ne, ruwan da manomin Minjibir yake noman rani da shi, da farashin geron da yake saye ko sayarwa, da dabbobin da suke ratsa gonarsa da kaka, duk al'amura ne da suka shafi ƙasa fiye da ɗaya. Abin da babin yake ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, fari da ambaliya kan zama barazana ga tsaro idan suka tarar an toshe hanyoyin da jama'a suka saba bi domin tsira, kuma buɗewa ko toshewar waɗannan hanyoyi ya rataya ne a kan irin fahimtar junan da ke tsakanin gwamnatoci.

4.1 Ma'anar Sauyin Yanayi da Ma'anar Tsaro

Sauyin yanayi shi ne canjin da ake samu a tsarin zafi da ruwan sama da iska na wani wuri, wanda yake ɗorewa shekaru masu yawa. Ke nan rashin ruwa na damina ɗaya bai isa a kira shi sauyin yanayi ba. Masana sun tabbatar da cewa babban musabbabin sauyin da ake gani a wannan zamani shi ne iskar kabon da makamantanta, waɗanda suke fita daga ƙona kwal da man fetur da gas, su taru a sararin samaniya, su riƙe zafin rana. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a shekarar 2021 cewa zafin duniya ya ƙaru da kimanin digiri 1.1 a kan yadda yake kafin bunƙasar masana'antu. Kason nahiyar Afirka a cikin wannan iska da ake fitarwa bai kai kashi 4 cikin ɗari ba.

Shi kuwa tsaro, a da akan fassara shi da kare iyakar ƙasa daga harin sojojin wata ƙasa. Daga baya aka faɗaɗa ma'anar, musamman bayan rahoton Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 1994, har ta ƙunshi tsaron ɗan'adam, wato samun abinci da ruwa da lafiya da kwanciyar hankali. A wannan babi an yi amfani da ma'anonin biyu, domin kamar yadda za a gani, idan na biyun ya raunana, na farkon yakan shiga haɗari.

4.2 Ƙasar Minjibir da Tsarin Nomanta

Ƙaramar Hukumar Minjibir tana arewa maso gabas da birnin Kano, kuma daga cikin garuruwanta akwai Minjibir da Kunya da Wasai da Kantama. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa tana da mutane sama da 200,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 400 da 'yan kai. Tana cikin yankin nan da ya kewaye birnin Kano wanda masana labarin ƙasa suka sani da cunkoson jama'a da gonaki, inda kusan babu saura ko dajin da ba a nomawa, kuma gona ba ta samun hutu daga shekara zuwa shekara.

Bisa lissafin wasu masana na da, ƙasa irin wannan ya kamata a ce ta gaji ta daina ba da amfani tun tuni. Sai dai binciken da Mortimore ya fara a yankin tun shekarun 1960, da wanda Harris ta gudanar a Tumbau ta ƙasar Gezawa mai maƙwabtaka da Minjibir a shekarun 1990, sun nuna akasin haka. Manoman yankin sun riƙe ƙarfin ƙasarsu ta hanyoyi kamar haka:

(a) Haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, ta yadda idan wani ya ƙi, wani ya yi.

(b) Tattara harawa da karmami da kara domin ciyar da tumaki da awaki a gida, sannan a kwashe takinsu a mangala a kai gona kafin faɗuwar damina.

(c) Barin itatuwa masu amfani a cikin gona, irin su gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, waɗanda kowannensu yana da mai shi.

(d) Sana'o'in rani kamar saƙa da rini da fatauci, da kuma tafiya cin rani zuwa birane.

Bugu da ƙari, akwai madatsar ruwa ta Wasai da aka gina a kan Kogin Jakara a tsakiyar shekarun 1970, wadda ake noman rani da su a kewayenta, duk da cewa ruwan yana zuwa ne gauraye da dattin birni da na masana'antu. Haka kuma cibiyar binciken aikin gona ta IITA tana da gonar gwaji a Minjibir, inda aka daɗe ana gwada irin wake mai saurin nuna da mai jure wa wuta-wuta.

Abin lura a nan shi ne, wannan tsari bai tsaya a bakin gona ba. Manomin da ba shi da wadataccen fili ya dogara ne ga kasuwa domin cike giɓin abincinsa, ga hanya domin zuwa neman kuɗi, ga makiyayi domin samun taki da dabbar kiwo. Saboda haka duk abin da ya taɓa kasuwa ko hanya ko burtali, ya taɓa rumbunsa.

4.3 Fari da Ambaliya a Tarihin Yankin

Ƙasar Kano ba baƙuwar fari ba ce. Har yanzu ana tunawa da yunwar Kakalaba ta shekarar 1913 zuwa 1914, wadda ta hallaka ɗimbin jama'a. Watts (1983) ya nuna cewa harajin Turawan mulkin mallaka da karkata ga noman gyaɗa sun ƙara wa wannan yunwa tsanani. Bayan damina masu albarka na shekarun 1950, ruwa ya soma ja da baya daga ƙarshen shekarun 1960, har aka kai ga farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. A shekarar 1973 ruwan da aka samu a Kano kusan rabin abin da aka saba samu ne. Cutar da ta afka wa gyaɗa a shekarar 1975 ta zo ta ƙarasa abin da fari ya fara, aka wayi gari dalar gyaɗa ta zama tarihi.

A wancan lokaci an ɗora laifin farin a kan talakawan yankin Sahel, aka ce sare itatuwa da yawan kiwo ne suka kore ruwa. Binciken da aka yi daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa yau ya nuna cewa babban dalili shi ne canjin ɗumin ruwan tekuna, kuma akwai ƙwararan alamu cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin Tekun Atalantika, abin da ya tura damina ta yi kudu. Wannan batu yana da muhimmanci ga wannan nazari, domin ya nuna cewa tun daga tushe matsalar ta ƙasa da ƙasa ce.

Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da sabon salo. Wani bincike da aka buga a shekarar 2017 ya gano cewa yawan manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya a yankin Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Manomi kan yi shuka, ruwa ya ɗauke har shukar ta ƙone, daga baya kuma a yi mamakon da zai kwantar da gero ya rushe gidajen ƙasa. Ambaliyar shekarar 2022 ta kashe mutane sama da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma jihar Jigawa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri.

4.4 Hanyoyin da Matsalar ke Tsallake Iyaka

Akwai hanyoyi uku da suke haɗa ƙasar Minjibir da ƙasashen maƙwabta a wannan al'amari, su ne ruwa da hatsi da dabbobi.

4.4.1 Ruwa

Kogin Jakara yana cikin kwarin Kogin Haɗeja, kamar yadda Kogin Kano da Kogin Challawa suke. Kogin Haɗeja yakan haɗu da na Jama'are a wajen Gashuwa su zama Kogin Yobe, wanda a ƙarshen tafiyarsa shi ne iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar, kafin ya faɗa Tafkin Chadi a kusa da Bosso. Wato ke nan ƙasar Kano ita ce kan ruwa. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun samar wa Kano ruwan sha da noman rani, amma sun rage malalar da fadamun Haɗeja da Nguru suke samu, sun kuma canza lokacin zuwan ruwa, har ciyawar kachala ta toshe magudanai. Masunta da manoman shinkafa na Yobe, da manoman tattasai na jihar Diffa a Nijar, duk suna jin abin da aka yi a Kano.

Ƙasashen biyu sun fahimci haka, shi ya sa Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, ta kai su ga Yarjejeniyar Maiduguri ta shekarar 1990 a kan raba ruwan koguna huɗu da suke tarayya a kai, ciki har da ƙarshen Kogin Yobe da kuma Kogin Gada da ya ratsa Jibiya ya zama Gulbin Maraɗi.

Shi kansa Tafkin Chadi, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, amma zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan. Ya kamata a lura cewa mafi yawan ruwan tafkin daga Kogin Shari da Logon yake zuwa, don haka fari ne babban abin da ya janye shi, kuma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ya ɗan farfaɗo daga shekarun 1990, sai dai yana cika yana ja ba tare da tabbas ba. Janyewar ruwan ta fito da sababbin tsibirai da filaye masu dausayi, jama'a suka bi ruwa ba tare da kula da iyaka ba, cikinsu har da Hausawa masunta da 'yan kasuwa. Sakamakon haka sojojin Nijeriya da na Chadi suka yi arangama a kan tsibiran a 1983. Haka kuma ƙauyukan da 'yan Nijeriya suka kafa a yankin Darak sun shiga cikin ƙarar da Kamaru ta kai Kotun Duniya, wadda ta yanke hukunci a watan Oktoba na 2002, Nijeriya ta miƙa ƙauyukan a ƙarshen 2003. A misali na farko an ji ƙarar bindiga, a na biyu kuwa shari'a da shawara suka raba gardama, alhali kuwa musabbabin guda ne.

4.4.2 Hatsi da Kasuwa

Kasuwar Dawanau da ke bakin birnin Kano tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, kuma farashinta ne yake jan na kasuwannin ƙauye irin na ƙasar Minjibir. Hanyar Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi tsohuwar hanyar fatake ce: wake da dabbobi su gangaro daga Nijar, gero da dawa da masara su haura idan an yi rashi a can. Da yake damina ba ta cika ƙi a ko'ina lokaci guda ba, wannan musaya ita ce rumbun tsimin yankin baki ɗaya.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan aka toshe ta. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai a 1986. Rufewar ta zo daidai da mummunan fari, hatsi ya kasa shiga Nijar, 'yan cin rani suka kasa fitowa, har mutanen can suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. A shekarar 2005 ma ƙarancin amfanin gona a Nijar bai kai na 1984 ba, amma tsadar hatsi da takunkumin da wasu ƙasashen maƙwabta suka sa a kan fitar da shi sun jefa yara masu yawa a jihar Maraɗi cikin tamowa. An sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarki, har zuwa farkon 2024. A watan Oktoba na 2024 ita ma Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai an ɗauke shi ne da sunan tsaro ko tattalin arzikin ƙasa, amma wanda ya fi ɗanɗana kuɗarsa shi ne magidancin da hatsinsa ya ƙare tun kafin sabon gero ya nuna.

4.4.3 Makiyaya da Burtali

Kiwo a yankin Sahel ya ginu ne a kan tafiya: a yi arewa da damina, a yi kudu da rani. Farin shekarun 1970 da 1980 ya kashe dabbobi masu yawa, ya kuma sa makiyaya suna ƙara nitsawa kudu. A lokaci guda yawan jama'a ya sa an nome burtali da mashaya da makiyayun da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta tanada. A ƙasa mai cunkoso irin Minjibir harawa da kara sun zama haja mai tsada, manomi yana kwashe su ya adana, saboda haka tsohuwar al'adar nan ta a bar shanu su ci kara su bar taki ta ja baya.

Ƙungiyar ECOWAS ta zartar da ƙa'idar zirga-zirgar makiyaya a shekarar 1998, wadda ta tanadi takardar shaidar tsallake iyaka da dabbobi da kuma bin hanyoyin da aka keɓe. Sai dai aiwatar da ita ya yi rauni ƙwarai. A Zamfara da yammacin Katsina da gabashin Sakkwato, rikicin fili da satar shanu ya haɗu da rashin adalci a wajen shari'a, da 'yan sa-kai, da makaman da suka bazu bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, har ya rikiɗe ya zama ta'addancin 'yan bindiga. Daga shekarar 2019 dubun dubatar mutane daga waɗannan jihohi sun yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. Zuwa ƙarshen 2025 hare-haren sun taɓa ƙananan hukumomin Shanono da Tsanyawa a jihar Kano.

Idan aka kwatanta, za a ga cewa yanayin ruwan sama na Minjibir bai bambanta sosai da na waɗancan wurare ba, kuma ta fi su cunkoso. Abin da ya bambanta shi ne, a ƙasar Minjibir kowace gona da kowane itace an san mai shi, masu unguwanni da dagatai da hakimai suna kusa da jama'a, birni da kasuwa suna kusa, kuma babu manyan dazuzzukan da hukuma ba ta shiga. Wannan ya yi daidai da abin da kwamitin masana yanayi ya bayyana a rahotonsa na 2022, cewa tasirin yanayi a kan ɓarkewar rikici bai kai na talauci da raunin mulki ba. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

4.5 Matsayin Majalisar Ɗinkin Duniya

An fara tattauna sauyin yanayi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Afrilu na 2007, bisa jagorancin Birtaniya. A watan Maris na 2017 kwamitin ya zartar da ƙuduri mai lamba 2349 a kan rikicin Boko Haram a yankin Tafkin Chadi, inda ya ambaci sauyin yanayi da ƙarancin ruwa da fari da kwararowar hamada a cikin abubuwan da suke raunana zaman lafiyar yankin.

A watan Disamba na 2021, lokacin da Nijar take shugabancin kwamitin, ita da ƙasar Ayalan suka gabatar da daftarin ƙudurin da zai sa a riƙa la'akari da sauyin yanayi a duk ayyukan kiyaye zaman lafiya. Ƙasashe 113 suka mara wa daftarin baya. Da aka kaɗa ƙuri'a ranar 13 ga watan, ƙasashe 12 suka amince, Indiya ta ƙi, Sin ta ƙaurace, Rasha kuwa ta hau kujerar na ƙi, daftarin ya faɗi. Hujjar masu adawa ita ce, batun yanayi yana da zaurensa, wato yarjejeniyar da aka ƙulla a Riyo a 1992, inda kowace ƙasa take da murya, alhali a Kwamitin Sulhu ƙasashe biyar ne suke da ta cewa, kuma su ne kan gaba wajen gurɓata iska. Akwai kuma tsoron kada a fake da yanayi a tsoma baki a harkokin cikin gida na ƙananan ƙasashe.

Wannan hujja ba a banza take ba. Idan aka ɗauki sauyin yanayi a matsayin batun soja kawai, kuɗi zai tafi ga makamai, kuma za a riƙa kallon makiyayi da ɗan cin rani a matsayin abin zargi. Haka kuma shugabanni za su sami abin fakewa, su ɗora wa sama laifin da yake na mulkinsu. Amma kuma ƙin amincewa da alaƙar baki ɗaya zai sa a riƙa tura sojoji wuraren da ainihin rigimarsu ta ruwa ce da fili.

4.6 Cikas ga Haɗin Gwiwa

Yankin ba ya rasa hukumomi da yarjejeniyoyi. Hukumar Tafkin Chadi ta wanzu tun 22 ga Mayu 1964, lokacin da Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa ta, kuma a 2012 ƙasashenta suka amince da kundin ƙa'idojin amfani da ruwan tafkin. Cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET tana aiki a Yamai tun 1974. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Nijeriya ta kafa hukumarsa a 2015, Kano kuma tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. A 2021 Nijeriya ta yi dokar sauyin yanayi, a wannan shekarar kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin gyaran ƙasa a jihohin arewa. Duk da haka akwai manyan matsaloli guda uku.

Ta farko ita ce kuɗi. A taron Kofanhagan na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara zuwa 2020, ba a cika ba sai a 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. An amince da asusun biyan asara a taron Masar na 2022, sannan a taron Baku na 2024 aka tsayar da dala biliyan 300 a shekara zuwa 2035, adadin da ƙasashe masu tasowa suka ce ya yi kaɗan. A watan Janairu na 2025 shugaban Amurka ya sa hannu a kan ficewa daga Yarjejeniyar Faris karo na biyu.

Ta biyu ita ce rarrabuwar kai a yankin. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu 2025, kuma a watan Maris na wannan shekara Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi. Ƙa'idojin zirga-zirgar mutane da dabbobi da hatsi a kan iyakar Nijeriya da Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, sun ginu ne a kan wannan ƙungiya.

Ta uku ita ce tsara shirye-shirye daga sama ba tare da shawarar manomi ba. An sha dasa itatuwa da bikin buɗewa, rani ya zo su bushe saboda babu mai su. Sabanin haka, manoman Maraɗi da Damagaram sun rayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 daga tsakiyar shekarun 1980, ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona ana yi masa aski har ya girma. Abin da ya ƙarfafa su shi ne sassauta dokar gandun daji, manomi ya tabbata itacen nasa ne. Wannan ita ce hikimar da manoman ƙasar Kano suka daɗe a kanta.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an yi ƙoƙarin nuna cewa ƙasar Minjibir ta tsallake farin 1973 da na 1984 ba tare da tsarin nomanta ya rushe ba, duk da cunkoson jama'a, saboda dabarun manomanta da kuma hanyoyin kasuwa da cin rani da suka haɗa ta da sauran wurare. An ga cewa ruwa da hatsi da dabbobi duk suna tsallake iyaka, kuma a duk lokacin da gwamnatoci suka rufe ƙofa a shekarar rashi, wahala takan ninka, kamar yadda aka gani a 1984 da 2005. An kuma ga cewa inda aka bi shari'a da yarjejeniya, kamar a batun Darak, an kauce wa zubar da jini. Saboda haka matakan da suka fi kusa da tsaron manomin Minjibir su ne a cire abinci da dabbobi daga cikin takunkumin siyasa, a raya Yarjejeniyar Maiduguri da Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar ko da an sami saɓani a wasu fannoni, a shata burtali tare da manoma da makiyaya, a kuma isar da hasashen damina ga ƙauyuka cikin harshen da suke ji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babi na gaba zai duba rawar da sarakunan gargajiya da ƙungiyoyin manoma suke takawa wajen sasanta rikicin gona da kiwo a ƙaramar hukumar.